Barmo Ya Tafi Kurmi

Ranar Laraba rediyo ya ce Isiyaku ya rasu,
an kai shi makwanci bayan La'asar.
Daren Alhamis, rediyon nan dai,
a teburin Ɗanjuma mai shayi, nan Kanya Babba,
ya ce Barmo mai faci ya tafi Kurmi sarin goro.

Muka dubi juna.
Barmon da ko kuɗin motar Ɓaɓura sai ya ranta?

Mako bakwai matarsa ta cikin wasa
tana rufe masa tuwo da faifai.
Ta gasken tana can tana takaba,
ba wanda ya rubuta mata abin da za ta ce.

A na takwas aka rangaɗa sallama.
Sunan nan, barkwancin nan,
har famfon keken yana huci.
Tsoho Nadabo ya manna kunne jikin akwatin,
ya daɗe, sannan ya ture kofinsa:
"Yaron nan bai iya tarin ba."

Ya laluba takalminsa cikin duhu.
"Da sun bar shi can Kurmi,
da har yau ina jiransa."