Ba A San Maɗinki Ba

A tsohuwar Jidda, gidan nan mai tagogin katako,
na shiga kallon kayan mutanen da.
Mayafan Hijaz masu zaren zinari,
zanen jirgin ruwa da ba ya zuwa ko'ina.

Sai ga ta a lungu, bayan gilashi:
rigar saƙi, aska takwas,
shuni ya koɗe a kafaɗa.
Takarda ta ce ba a san maɗinki ba.

Ni na sani.
Baba Tanimu ne ke karkata askar ƙarshe
don kada baki ya kama aikinsa.
Guzurinsa ya ƙare, ya sayar.

Mai gadi ya ce kar in taɓa.
Na goge hucina daga gilashin
da bakin gyale.