Akwatin Wuta

Wata tara na yi ina gaba da tsire.
In na zo wucewa ta gaban Ɗan'azumi mai nama
sai in kau da kai, in ce wa hancina ya yi haƙuri.
Kuɗin cajin waya, ladan cirar kuɗi,
ɗari biyu, ɗari uku, a rumfata ta Farin Gada,
har suka taru suka zama abu ɗaya:
katin hoto, na hannu, mai fanka uku,
nauyinsa kamar rabin bulo.

Daga Taminus na ɗauko shi a Keke,
ruwan Agusta na dukan tamfol,
na cusa shi cikin riga, na rungume.

A ɗaki na kwantar da kwamfutar bisa tabarma,
na buɗe mata ciki,
na zare tsohon da ya shekara biyar yana tari,
na danna sabon, ya ce ƙas, ya zauna daram.
Sai na ga bakuna biyu a gefensa,
kowanne rami takwas, a buɗe, suna jira.
Na laluba wayoyin akwatin wuta:
fulogi ɗaya tal, haƙori shida.

Jazuli ya ce, ai akwai 'yar mahaɗa,
dubu biyu ce a Dilimi, kowa da ita yake yi.
Abin da nake son ji ke nan, shi ya sa na ji.

Daren nan ta tashi. Wallahi ta tashi.
Na ga ciyawa ɗaya bayan ɗaya a bakin titin tsere,
ciyawar da shekara biyar nake zaton koren fenti ne.
Na ga ɗigon ruwa a gilashin mota.
Na ga inuwa tana bin mai ita.
Minti ashirin da ɗaya.
A kwanar ƙarshe, ina gaban kowa,
allo ya yi baƙi ƙirin.

Na buɗe baki zan zagi Nepa,
sai ga ƙwan ɗaki yana kallona, tar.
Sai ƙaurin roba,
siriri, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa
har Inna ta ɗaga murya: wa ya bar abu a wuta?

Chuwang mai gyara, a bayan tsohuwar kasuwa,
ko kallon katin bai yi ba.
Akwatin wutar ya juya, ya goge shi da babban yatsa,
ya nuna min takardar da ban taɓa karantawa ba.
Wat ɗari huɗu da hamsin, in ji shi, a rubuce ke nan,
a aikace Allah kaɗai ya sani,
ba shi da suna, ba shi da dangi.
Katinka shi kaɗai, in wasa ya yi zafi,
ɗari uku yake haɗiyewa.
Sauran 'yan gidan su ci me?
Ka gayyato mai cin tiya, ka ɗora tukunyar shayi.
Nemo ɗari bakwai da hamsin,
mai fulogi biyu nasa na kansa, kowanne da wayarsa,
kuma ka auna, kada ka sayo ya ƙi shiga.

Ya sa katin a tasa kwamfutar.
Ban numfasa ba.
Fanka ɗaya ta juya, ta biyu, ta uku.
Na nemi benci na zauna.

Gaba ta kai ni, in ji masu magana, gobarar Titi a Jos.
Tawa ba ta kai ni ko'ina ba.
Katin na cikin durowa, naɗe da rigar sanyi,
wani lokacin nakan buɗe in juya fankar da yatsa.
Na koma ƙirga ɗari biyu, ɗari uku.

Jiya Ɗan'azumi ya tare ni da wuƙa a hannu,
ya yanko 'yar ɗanɗano ya miƙo:
kai, wannan azumin naka, ba ya da salla ne?