Gwangwanin Kawu Tankari

Kwana arba'in da rasuwar Kawu Tankari
Inna ta miƙo mini gwangwanin biskit,
ta ce, "Ɗauka. Na duba, babu mutum ko ɗaya a ciki.
Shekara talatin yana ƙarar da kuɗin cefane
a kan bango da ruwa."

Da rana yana shagonsa a bakin Katako
yana ɗaukar fuskoki don katin shaida:
ɗaga haɓa, bar dariya, kar ka ƙifta.
Da asuba kuwa, ana sallame salla,
sai ya rataya na'ura, ya hau keke,
ya tafi inda ba mai biyan kowa.

Ga gada, an ɗauko ta daga ƙasa,
inda masu wanki ke dukan dutse da riga.
Kullum ta kanta nake bi zuwa Harobanda,
ina duba agogo, ina faɗa da mai taksi,
ban taɓa sanin tana da ciki ba.
Ashe tsaye take cikin Isa
kamar matan da suka ɗauko kaya a ka,
suka shiga gulbi, ba wurin saukewa,
ruwa har gwiwa.

Ga jemagu sun tashi daga mangwarorin Filato,
sun yayyafa wa magariba tawada.
Ga benen ma'aikata mai tagogi barkatai,
rana ta shiga guda ɗaya tak.
Kwana nawa ya yi yana dakon ta?
Ga tankin ruwa, balbela a kansa,
ita da siminti farinsu ɗaya,
sai dai ita tana da niyyar tafiya,
shi kuwa ba shi da wurin zuwa.

A bayan kowanne ya rubuta da fensir.
"Gamkalle, Laraba, an shanya fatu, kogi ya ja baya."
"Dorina ta nutse kafin in danna.
Ga dai zoben da ta bar wa ruwa."

Akwai wani gidan ƙasa mai zankwaye biyu,
gawo ya jingina da katangarsa,
gawon nan mai kaɗe ganye da damina
ya yi kore lokacin da kowa ya bushe.
Na bi rubutun har Yantala,
na tsaya daidai inda ya tsaya, hoto a hannu.
Gidan mai na tarar.
Yaron ya ɗaga tiyo, ya ce, "Na nawa?"

Sai da na zauna a gefen kwalta na lura:
can ƙasa, a kusurwar hagu,
rana tana bayansa, ta tona shi.
Gwiwar hannu a ɗage, ƙahon keke,
dogon wuya kwance a kan yashi.
Na koma cikin gwangwani ina ƙirgawa,
goma sha ɗaya suna ɗauke da wannan inuwa.

Na ce, "Inna, akwai mutum."
Ta goge tabarau da bakin zane,
ta daɗe, yatsanta a kan kusurwar.
Ta ce, "Ko a nan hularsa a karkace take."
Ta zare na gawon daga cikin tarin,
ta sa a ƙarƙashin matashi,
ta ce sauran in tafi da su,
ta ce in ja mata ƙofa, za ta kwanta,
alhali ko la'asar ba ta kawo ba.