Gudun Jangali a Gadar Kolambiya

Asabar ce, yayyafi bai ɗauke ba a Bankuba,
ba ta Kanada ba, ƙaramar nan ta jihar Washintan.
Tabawa ta ce firji ya mutu tun daren jiya,
ragon da muka yanko a gonar Dorsi ya fara canza kama.

Na ari a-kori-kurar Sallau na hau gada.
Kogi ɗaya ne a ƙasa, ruwan toka,
gaɓa biyu, kowacce da irin wuƙarta.
A tamu jiha ba ta taɓa maka albashi,
sai ka ɗauki kaya a kanti ta yanki rabonta.
A tasu, kuɗin da ke jikin kaya shi za ka biya,
albashin ake feɗewa tun bai iso gida ba.

Kakana Jaɓɓo, in ji masu faɗa,
da ya ji 'yan jangali sun sauka gidan dagaci
sai ya kora shanu cikin dare ya ƙetare Gulbin Ka.
Da asuba ya ƙirga, karsana biyu ruwa ya tafi da su.
Har ya rasu bai kira abin asara ba.
Gara kogi, ya ce, da mai rasit da jar hula.

A Fotlan na ci karo da Mati a layin biya,
gajiyar aikin dare na zaune a idonsa.
Ya ce ku kun huta, kuɗinku na zuwa da fatarsa.
Na ce kai da ke sayen takalmi ba ƙarin sisi?
Ya ce tambayi kuɗin hayata.
Na ce tambayi tawa.
Muka tsaya kowa na leƙen akushin ɗan'uwa.

Dala tamanin na tsira da ita, na lissafa,
kafin cunkoso ya riƙe ni awa biyu a kan gada.
Na cika wa Sallau tanki, ai ba a mayar da aro da yunwa,
na sallami yaran da suka hau da firjin bene,
saura dala sha ɗaya da ciwon baya.

Ita kuwa Tabawa a asibitin tsallake take aiki,
kullum can suke yankar nata, ba ruwansu da inda take kwana.
Ta karɓi canjin, ta duba ni, ta sa a gwangwanin madara.

Da yamma Dorsi ya leƙo ta saman shinge
ya ce akwai wata takarda, wai, da ake cikewa
in ka shigo da kaya daga can.
Na yi masa murmushin wanda bai jin Turanci.

Firji na ta gurnani a kicin.
A ƙarƙashin ƙofa ga wasiƙar mai gida,
tun ban buɗe ba na san abin da ta ƙunsa.
Kaka, kai ko karsana biyu ka bari a ruwa,
ka kai sauran gaci.