Numfashin Tanki

Arzika ya shigo gareji da hantsi,
albasar Aliero har saman but,
ya ce, "Wagga mota ta koyi gardama.
In an ba ta mai sai ta tofo shi,
in na kwance murfi sai ta ja tsaki
kamar na ci bashinta."

Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi.
Shekara ashirin da biyu daga nan nake kallon Jega:
ƙafafun mutane, da cikkunan motoci.
Tankin ya lotsa kamar kuncin tsoho.
Na ce masa ba gardama ba ce,
numfashi ne ya gagare ta.

Cindo, miƙo sifana goma.
Ba wannan ba. Goma na ce.

Ga shi can a maƙale inda ido ba ya zuwa,
baƙin gwangwani, bai kai buta ba,
babu direban da ya taɓa gaishe shi.
Gawayi ne a cikinsa, ƙanana kamar gero.
In rana ta dafa tanki, shi ke shanye tururin,
ya riƙe,
ya riƙe bai gaya wa kowa ba,
sai injin ya tashi ya mayar masa da ajiyarsa.
Na san mutane kaɗan masu irin wannan hali.

Na girgiza shi, ruwa ya amsa.
Arzika ya sosa ƙeya.
Na san shi a gidan mai:
famfo ya ce ya isa, shi ya dafa mota ya jijjiga,
a ƙara, a cika ta har wuya.
Wanda ya taɓa kwana uku a layi
ba ya yarda da kalmar ya isa.
Haka ya shayar da gawayin har ya nutse.

"Cire shi ka yar," in ji shi, "a toshe da ƙusa."
Cindo ya ce ko ya ɗebo gawayi wajen Labbo mai tsire.
Na yi dariya har ƙasa ta zubo mini a ido.
Wancan na gasa nama ne, yaro.
Kuma in na toshe, tanki zai shanye kansa,
in na bar shi a sake, fasinja su sha wari
daga nan har Koko,
ga mai taba a kujerar baya da ashanarsa.

Na kafa baki a tiyon iska na hura.
Shiru.
Na zura waya, sai jar laka ta faɗo a tafina,
ɗaki ɗaki, an shafe shi sumul.
Zanzaro ce.
Sati biyun da zazzaɓi ya kwantar da Arzika
ta sami fili ba mai shi, ta yi gini,
har da abincin 'ya'ya a ciki.

Mun samo wani gwangwanin wajen 'yan Kwatano.
Na ƙara wa tiyo tsawo, na ɗaga shi sama da tanki,
na lanƙwasa shi kamar wuyan zalɓe, baki ƙasa,
don kada ruwan damina ya sami ƙofa.
Na yanko ragar tsohuwar rariya na ɗaure a bakin:
iska ta wuce, magina su nemi wani fili.

Ya yi ta ciniki.
"Dubu nawa saboda laka?"
Na ce lakar kyauta ce, sanin inda take nake sayarwa.

Da la'asar na bi shi gidan mai.
Fetur na gangarawa, ba tofi, ba tsaki,
sai wani ɗan huci can ƙasa
wanda ni kaɗai na ji.
Famfo ya ce ƙas, ya tsaya.
Hannun Arzika ya tashi ya dafa rufin mota,
ya dube ni,
ya mayar da shi aljihu.