Kulli Na Bakwai

A Aboabo, bayan isha'i,
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Ina shifta wa kwamfuta hanyar wutar na'urar caji,
layi bayan layi:
rezisto, daga kulli biyu zuwa uku,
kafasito, daga uku zuwa sifiri.
Haka nake so. Rubutu ba ya cin wuri,
tsohuwar kwamfutata ba ta nishi da shi.

Memuna kuwa zane take yi.
Ta ja waya, ta karya kwana,
ta baje kaya kamar 'yar kasuwar Kejetia.
Na ce, ɓata lokaci.
Ta ce, gani ya kori ji.

Na danna. Allo ya ce
kulli na bakwai na lilo,
ba uwa ba uba.
Sau huɗu na bi layukana,
duk suka rantse lafiya lau.

Ta ɗauki biro, ta juya takardar ƙosai,
ta zana abin da na rubuta.
Ga ƙafar taransista nan
a sama, tana neman ƙasa.

Na gyara lamba guda.
Ban ce ta yi gaskiya ba.
Takardar dai, da maiƙonta,
tana aljihuna.