Teku a Rikkos

Ni da ban taɓa tsoma ƙafa a teku ba,
na gina ta a falona, a Rikkos,
a garin da ruwa mafi zurfi
shi ne ramin kuzar da kakana ya haƙa
ya bar wa damina ta cike.

Ilu mai gilashi ya auna bango sau uku,
ya ce, "Malam Shitu, taku bakwai?
Kifi za ka ajiye ko kada?"
Dalyop ya yi wa teburin ƙafafu takwas na ƙarfe,
ya hau ya yi tsalle don in yarda.
Lita dubu da ɗari biyu.
Daɓen ɗaki ya yi shiru, ya ɗauka.

Gishirin ba na miya ba ne,
daga Ikko yake zuwa, a bokiti,
kuɗin motarsa ya fi nawa.
Ruwan famfo kuwa sai an tace shi
har ya manta tsatsar bututu, ya manta Lamingo.
Wata biyu dutse kawai nake kiwo.
Maƙwabta suka zo kallon kifi
suka tarar ina ɗiga magani a 'yar kwalba
ina jiran launi ya sauya.
An ce mai haƙuri ke dafa dutse.
Ni nawa jiƙa shi nake yi.

Goggo Dudu ta san murjani:
ja ne, a zare yake, a ƙasan adaka,
gadon uwarta.
Na nuna mata wani kore, tsawon ɗan yatsa,
yana buɗe ƙananan bakuna ga shuɗiyar fitila.
Ta ce, "Ciyawa."
Na ce, "Dabba ce, Goggo."
Ta ce, "To ta tashi ta yi tafiya mana."

Kowace Asabar ina kankare gansakuka,
in kwashe kashi ɗaya cikin goma, in mayar da sabo,
in wanke kofin kumfa mai warin kwata.
Zafi ashirin da biyar suke so,
lambar da daren Jos bai taɓa riƙewa ba.

Sai ga Agusta.
Ƙanƙara ta yi wa farantin sola jifa,
tsawa ta cinye taransifoma,
batir ya yi kuka sau uku, ya mutu.
Ban san injinan suna da murya ba
sai da suka yi shiru.

Na ɗauki moɗa: ɗebo, ɗaga, zuba,
don ruwa ya sha iska.
Rumasa'u na dafa ruwa, tana cika goruna,
muna sakin su su yi iyo kamar agwagi.
Bargon gadonmu ya koma jikin gilashi.
Ƙarfe uku, ga Goggo da tocila.
"Miƙo nan, hannunka na rawa."
Ta ɗaga moɗa sama, ta karkata,
yadda take sheƙar acca tun tana yarinya,
har aka kira assalatu.

Kifi biyu suka tafi,
har da mai ruwan lemo da ratsin fari.
Reshen nan kore ya zama alli.
Na so in cire shi, ta ce, "Bar shi."

Mako uku. Da safe na ga ɗigo,
ɗan launi a gindin reshe, bai kai ƙwayar gero ba.
Ban faɗa wa kowa ba.

Da daddare na fito shan ruwa,
na same ta a kujera gaban gilashi,
jan zarenta a tafin hannu,
ta manna shi da shuɗin haske
tana ce masa a hankali,
"Ashe kai ma ka taɓa numfashi."